Tsohon Gida a Gefen Akra: Abin da Muka Duba Kafin Mu Biya

Da yawa daga cikinku kuna da ɗa ko ƙane ko suruki a zangunan Akra, birnin da iyayenmu ke kira Ankara, kuma ba a rasa wanda aka taɓa aiko masa da saƙo cewa an ga wani gida na sayarwa, ana neman gudummawarsa ko shawararsa. Mu ma mun bi wannan hanya, mun kwashe wata goma sha ɗaya a kanta, daga ranar da dillali ya fara nuna mana ƙofa zuwa ranar da aka miƙa mana mabuɗi. Dukiyar da ke cikin al'amarin kuwa ita ce duk abin da mahaifinmu ya tara a shekara talatin da 'yan kai na fataucin albasa, don haka ba mu da damar yin gaggawa, ba mu kuma da wata ajiya da za mu koma mata in wannan ta nutse.

Mu mutanen albasa ne. Baba ya zo daga yankin Galmi yana saurayi, ya auri Inna a Nima, aka haife mu a ɗakunan haya a Maamobi, rayuwarmu duka tana rataye da kasuwar albasa ta Agbogbloshie, inda manyan motoci ke sauke buhuna daga Nijar a gefen kogin Odaw, kusa da filin da ake fasa tsofaffin kayan lantarki. A ranar 1 ga watan Yuli na 2021 hukumar yankin Akra, ƙarƙashin minista Henry Quartey, ta tashi kasuwar, aka rushe rumfuna, aka mayar da masu albasa Adjen Kotoku, can bayan Amasaman a kan hanyar Nsawam. Daga nan tafiyar da Baba yake yi cikin ɗan lokaci ta koma tafiyar asuba da dare, ga cunkoson motoci, ga shekaru sun ja. A daidai lokacin kuma maigidan da muke haya ya nemi kuɗin shekara biyu a dunƙule, alhali dokar haya ta 1963 ba ta yarda a karɓi fiye da na wata shida ba. Kowa a Akra ya san dokar, kowa kuma ya san wanda ya tsaya a kanta zai kwana a titi. Sai muka zauna muka ƙirga abin da muka zuba a haya tun haihuwar babban yayanmu, muka ga ya isa ya gina gida har da katanga.

Da farko hankalinmu bai so barin zango ba. A Nima da Maamobi muke da masallacinmu da makarantar allonmu da masu zuwa mana suna da jana'iza, ga babban masallacin ƙasa a Kanda da aka buɗe a 2021, wanda ake zuwa da ƙafa. Amma gida a cikin Nima abu ne mai wuyar saye. Unguwar ta samo asali ne a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa, mai fataucin shanu, ya sami fili daga hannun iyalin Odoi Kwao, yana yanka wa baƙi wuraren zama. A wancan zamani Nima ita ce bayan gari, kamar yadda Sabon Zango na Malam Bako ya kasance kafin ta, kamar kuma yadda Madina ta kasance bayan ta a 1959. Gidajen da aka gina a lokacin yanzu sun kai ga jikoki da tattaɓa kunne, gida ɗaya sai ka iske masu haƙƙi a cikinsa sun fi ɗakunansa yawa. Wasu kuma tarihinsu ya karye a watan Nuwamba na 1969, sa'ad da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su bar ƙasar, mutane suka sayar da gidaje a kan araha ko suka bar wa aboki amana da baki, har yau jikokin mai amana da jikokin mai gida ba su gama magana ba. Wannan ne ya sa kake ganin an rubuta da jan fenti a bangaye, cikin Turanci, cewa wannan gida ba na sayarwa ba ne. Mai rubutun yana tsoron ɗan'uwansa ne ya sayar a bayan idonsa.

To, sai muka juya zuwa gefen gari. A watan Janairu na 2022 dillali ya kai mu wani gida a wajajen Ofankor, mai ɗaki shida da falo da tsakar gida mai faɗi, wanda wani Alhaji mai cinikin goro ya gina a 1979, ya rasu ya bar mata biyu da 'ya'ya tara. Wurin ya yi mana daidai, domin tun da aka buɗe gadar Pokuase a 2021 hanyar zuwa kasuwa ta yi sauƙi daga can, Nima ma ba ta yi nisan da za a yanke zumunci ba. An shafe gidan da sabon fenti ruwan ƙwai, dillali yana ta nuna mana shi yana yabo. Baba bai ce uffan ba. Da muka fito sai ya ce mana shi bai taɓa sayen buhun albasa don kyan na saman ba, sai an zazzage.

Mako na gaba muka koma da magini da kafinta, dattawa biyu da muka sani a Maamobi, waɗanda ba su da rabo a la'adar dillali. Maginin ya ɗauki ƙusa ya kankare bulo a bayan gida, inda fenti bai kai ba, domin ya ga ko yashi zai zubo. Bulon da aka yi wa rowar siminti yana marmashewa a hannu, na wannan gida kuwa ƙusa ce ta gaji. Ya bi bango yana ƙwanƙwasawa da ƙotar guduma, inda ya ji ƙara irin ta ganga sai ya yi alama da alli, wato yaɓen ya rabu da bulo. Ya nuna mana bambancin tsaga biyu: siririya mai kama da gashi, wadda ke cikin yaɓe kawai, da kuma wadda ke tashi a karkace daga kusurwar taga tana faɗaɗa, wadda ke nuna harsashi ya zauna a gefe ɗaya. Irin ta biyun guda ɗaya ya samu, a ɗakin girki da aka ƙara daga baya. Ya kuma haƙiƙance sai ya ga ko an zuba ɗamarar kankare da rodi a saman tagogi ta zagaye ginin, domin Akra ƙasa ce da ke motsi jifa-jifa, girgizar 1939 ta rushe gidaje ta kashe mutane, kuma wanda ya zauna wajajen Weija ya san ƙananan girgiza ba su daina ba.

Kafinta shi kuma silin ya ɓalle ya leƙa sama da tocila. Ya sauko yana murmushi, ya ce: "Alhaji, mai wannan gida ya san abin da yake yi. Odum ya sa." Odum katako ne mai tauri wanda gara ba ta cika iya masa ba, yanzu kuwa tsadarsa ta sa ana rufi da wani farin katako mai laushi da mutanen Gana ke kira wawa, kuma duk Bahaushen da ya ji sunan ya san an yi masa gargaɗi. Abin da bai yi mana daɗi ba shi ne rufin, domin tsohon kwanon siminti ne mai asbesto a ciki. Muddin yana zaune lafiya ba a taɓa shi ba haɗarinsa kaɗan ne, amma in aka fasa shi ko aka yanka shi da zarto, ƙurar da ke tashi tana shiga huhu ta zauna, ta haifar da ciwon da ba ya bayyana sai bayan shekaru masu yawa. Sauke shi yana buƙatar a jiƙa shi, a cire shi ɗaya-ɗaya ba tare da fasawa ba, a kuma nisantar da yara. Muka rubuta kuɗin wannan, da na sake wayar wuta gaba ɗaya, a takardar abin da za mu nemi a rage mana.

Duk wannan aikin yini biyu ne. Maganar ruwa kuwa ba a gama ta a watan Janairu, lokacin da hunturu ya busar da kowace kwata. Wanda ya girma a Maamobi ba ya buƙatar a ba shi labarin abin da ruwa ke yi a Akra. Mun ga babbar kwatar Nima ta cika ta shiga ɗakunan mutane, muna kuma nan a daren 3 ga watan Yuni na 2015, da ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, mutum fiye da 150 suka rasu. Gidan da aka nuna mana yana ƙasan wata 'yar gangara, kuma mun lura cewa maƙwabta biyu sun gina ɗan dakali a bakin ƙofofinsu, tsayin bulo biyu, wanda sai an ɗaga ƙafa a tsallake. Ba a yin wannan don ado. Sabon fenti yana ɓoye layin da ruwa ya bari a bango, amma mai fenti ba ya shiga bayan kabad, ba ya kuma shafa ƙasan ƙyaure, can muka duba. Ba mu ga laka ba, sai dai yaɓen ƙasan bangon gabas yana kumbura yana fitar da farin gishiri, alamar danshi na hawowa daga ƙasa.

Inna ce ta yi binciken da ya fi na kowa amfani, ba tare da ta taɓa bango ba. Ta zauna wurin wata mai sayar da koko da ƙosai a bakin layin, wadda ta shekara ashirin a wurin, suka yi hira irin ta mata. Daga bakinta muka ji cewa ruwa kan tsaya a titi har gwiwa in an yi babban sama, amma bai taɓa shiga gidan Alhaji ba sai sau ɗaya, shekarar da wani ya gina shago a kan magudana, kuma an rushe shagon. Duk da haka Baba ya ce sai idonsa ya gani. Dillali ya yi ta bugo waya yana cewa akwai wani mai kuɗi daga Jamus da zai biya gobe, Baba ya amsa masa da cewa in rabon na Jamus ne Allah ya sanya alheri. A watan Yuni, ranar da aka kwana ana ruwa, yayyenmu biyu suka tafi da sassafe suka tsaya cikin tsakar gidan. Ruwan titi ya kai ƙwauri, na tsakar gida kuwa yana fita ta kwata yadda ya kamata, ɗaki ɗaya ne kawai ke yoyo. Mai kuɗin Jamus bai bayyana ba har yau.

A cikin watannin jiran nan ne muka shiga maganar takardu, wadda ita ce ta fi cin lokaci da kuɗi da haƙuri. Abu na farko da ya kamata ɗan'uwa na Nijar ya fahimta shi ne, a mafi yawan Akra mai sayen gida ba ya mallakar ƙasar har abada. Ƙasa ta sarautun gargajiya ce ko ta manyan iyalan Ga ko ta gwamnati, abin da ake ba mutum hayar ƙasa ce ta dogon lokaci, galibi shekara 99. Takardar marigayi Alhaji ta fara ƙirga daga 1979, wato za ta ƙare a 2078, don haka abin da ake sayar mana a 2022 gini ne tare da ragowar shekara 56. Wannan lissafi yana shiga cikin farashi, ko da dillali bai ambace shi ba. Sa'an nan sai an koma wurin iyalin da suka ba da ƙasar tun asali, su yarda a rubuce da sauya hannu, a kuma biya bashin kuɗin ƙasa na shekara-shekara in akwai. Akwai kuwa, na shekaru masu yawa. Tsofaffin rasiɗan da aka nuna mana suna ɗauke da dubbai da miliyoyi, wanda bai sani ba sai ya ɗauka an biya dukiya, alhali tun 2007 aka sauya kuɗin Gana, tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi ɗaya.

Muka ɗauki lauya namu na kanmu, muka ƙi wanda masu sayarwa suka kawo, ba don mun zarge shi ba, sai don ba a haɗa mai saye da mai sayarwa a bakin mutum ɗaya. Ya sa ma'aunin fili mai lasisi ya sake auna gidan, ya gwada da taswirar da ke cikin takarda, aka tarar katangar arewa ta shiga filin maƙwabci da taku biyu, aka sasanta wannan a rubuce tun kafin ya zama namu. Sa'an nan aka kai taswirar Hukumar Filaye da ke Cantonments aka nemi bincike, domin a ga sunan wa ke kan filin, ko an jinginar da shi a banki, ko akwai hukuncin kotu a kansa. Sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ko uku tsohuwar cuta ce a Akra, ita ta haifi 'yan daban filaye da ake haya su kori mai gini da adda, har majalisa ta yi dokar hana su a 2019, dokar filaye ta 2020 ma ta tanadi hukunci a kansu. A nan ne, a ganinmu, tsohon gida ya fi sabon fili a daji, domin ginin da ya shekara arba'in a tsaye da mutane a ciki ba wanda ya zo ya ce nasa ne, wannan shaida ce da ba a buga ta a injin buga takarda.

Amma tsohon gida yana da tasa cutar, ita ce gado. Wanda ke tsaye a kan cinikin babban ɗan marigayi ne, mutum mai kirki da fara'a, yana cewa shi ne babba, maganarsa ita ce maganar gida. A zaure haka ne, a kotu kuwa ba haka ba ne. Dokar gado ta Gana ta 1985, wadda ke aiki a kan duk wanda ya rasu bai bar wasiyya a rubuce ba, ta ce in gida ɗaya mamaci ya bari, to na matansa da 'ya'yansa ne a haɗe. Ba mai ikon sayarwa sai wanda kotu ta ba takardar kula da gado, kuma sai an mayar da gidan ga magada a rubuce. A shari'armu ma kowace mace da kowace 'ya tana da rabonta sananne, kuma malaman Malikiyya sun yi bayanin shuf'a, kamar yadda babinta ya zo a Risala, wato in abokin tarayya ya sayar da kasonsa na abin da ba a raba ba ga bare, sauran suna da haƙƙin karɓe shi a kan kuɗin da aka biya. Ta kowace fuska aka duba, sa hannun mutum ɗaya bai isa ba. Baba ya ce yana son ya ga mutum goma sha ɗaya, ko ya ji muryarsu, kowa ya faɗi da bakinsa.

Tara suka zo ko suka aiko da wakilci ta hannun lauya, har da wanda ke Italiya. Saura biyu: amaryar marigayi, wadda ke zaune a ɗakin ƙurya na gidan, da 'yarta da ke aure a Kumasi. Aka ce mana ba su da matsala, kunya ce kawai. Inna ta ce ita za ta je ta ji kunyar da kunnenta. Ta shiga ɗakin ta gaishe ta, suka daɗe, sa'an nan ta ce mata: "Hajiya, don Allah ki gaya mini gaskiya, da yardarki ake wannan ciniki?" Matar ta yi shiru, daga baya ta ce: "Yaya, ba wanda ya tambaye ni inda zan koma." Ashe an yi lissafin kuɗi duka, an manta da cewa rabonta da na 'yarta ba zai sayi ko ɗaki ɗaya a Akra ba.

Baba ya dakatar da maganar nan take. Ya gaya wa babban ɗan cewa ba zai zuba kuɗinsa a gidan da za a fitar da tsohuwa tana kuka ba, ko da kotu ta halatta masa. Wata biyu aka yi ana kai da komo, limamin unguwar da wani kawun marigayi suka shiga tsakani, 'yar ta zo daga Kumasi da mijinta. A ƙarshe 'yan'uwan suka yarda su ƙara mata wani abu daga nasu kason bisa son ransu, a gina mata ɗaki biyu a filin surukinta a Kumasi, mu kuma muka yarda ta zauna a ɗakinta ba haya har a gama ginin. Aka rubuta wannan a cikin yarjejeniyar, ta dangwala yatsa bayan an karanta mata da Hausa a gaban shaidu.

Saura tambaya ɗaya, wadda ta shafe mu a cikin gidanmu: sunan wa za a sa? Tsarin mulkin Gana na 1992 ya hana wanda ba ɗan ƙasa ba riƙe ƙasa fiye da shekara 50 a lokaci guda, Baba kuwa har yau takardun Nijar yake riƙe da su, ragowar hayar kuma shekara 56 ce. Wasu abokansa a kasuwa sun ba shi shawarar ya sa sunan wani amininsa ɗan ƙasa, kamar yadda da yawa suke yi. Mun ga inda wannan ke kaiwa in aminin ya rasu, 'ya'yansa suka tarar da takarda da sunan ubansu. Inna 'yar ƙasa ce, domin mahaifiyarta Badagomba ce daga Tamale, mu ma ta wajenta muka sami zama 'yan ƙasa, don haka aka sa sunanta da na babban yayanmu. Amma kuɗin na Baba ne, kuma yana da 'ya'ya biyu a Galmi daga aurensa na fari, waɗanda takardar Hukumar Filaye ba ta san da su ba. Shi da kansa ya sa lauya ya rubuta wata takarda dabam da ke bayyana cewa su biyun riƙon amana suke yi, ya kira dattawa uku na kasuwa suka shaida, aka aika kwafi ɗaya Galmi.

An biya kuɗin ta banki a watan Disamba na 2022, bayan an rage abin da magini da kafinta suka ƙiyasta, an kuma cire bashin wuta da na ruwa da harajin gida na ƙaramar hukuma daga kason masu sayarwa. Kafin mu tare muka sauke rufin asbesto, muka sake waya, muka rushe ɗakin girkin nan mai tsaga, muka kuma ɗaga bakin ƙofa da bulo biyu kamar na maƙwabta. Bangon gabas har yanzu yana fitar da gishirinsa duk damina, mun kankare shi sau biyu. Hajiya ta zauna tare da mu wata goma sha huɗu, ita ce ta nuna mana inda tsohon ramin masai yake a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, wanda ba ya cikin kowace taswira, kafin motar surukinta ta zo ta kwashe kayanta zuwa Kumasi.